Mijina Ba Shi da Kabari

A Amcide aka haife ni, garin da ke manne da Banki kamar 'yan biyu. Baƙo zai ɗauka gari ɗaya ne: ka yi 'yan taku kana Najeriya, ka juyo kana Kamaru. Muna yara ana aikenmu da naira a hannun dama, sefa a hagu, ba mu taɓa ruɗewa ba. Babana daga duwatsun Gwoza ya sauko yana saurayi, innata 'yar wajen Mora ce. Yarensu bai zo ɗaya ba, sai Hausa ta zama harshen gidanmu. Da ita aka yi mini faɗa, da ita na koyi addu'a, kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa shi ne littafin da na fara haɗa baƙi a cikinsa tun kafin a sa ni lekol, wato makarantar boko.

Ina da shekara 19 na yi aure. Maigidana tela ne, yana da rumfa kusa da kasuwa da keken ɗinki Butterfly wanda yake shafa wa mai kamar jariri. Gab da Sallah ba ya kwana gida, gab da Kirsimeti ma haka. Masu kawo masa ɗinki Musulmi sun fi yawa, kuma ban taɓa jin an ce ya ci wa wani yadi ba. Allah ya ba mu 'ya'ya uku, namiji ɗaya, mata biyu. Ba mu da dukiya, amma tukunyarmu ba ta kwana a kife.

Shekarar 2014 ce ta raba rayuwata gida biyu. A watan Yuli aka kai hari Kolofata. A Agusta Gwoza ta faɗi, dangin babana suka fara shigowa da ƙafafu a kumbure. A Satumba sai Banki, wato bayan ɗakinmu. Rediyo na cewa Boko Haram, mu kuwa ba ma kama sunan da baki, "yaran daji" muke cewa, shi ma a hankali. Tsakiyar Oktoba wuta ta shigo Amcide kanta. Na goya ƙaramar, babban ɗana mai shekara 11 ya riƙe hannun ƙanwarsa, maigida ya ɗauki uwarsa a baya inda ƙafarta ta gaza, muka nufi Mora.

Kwananmu tara a harabar wata majami'a a Mora, muna kwana kan buhu. Daren na tara maigida ya ce mini zai koma Amcide. Zai ciro kan keken, ya kwaso yadukan mutane da ke rumfa, ya dawo kafin rana ta faɗi. Na ce bai isa ba. Muka yi ta ja-in-ja ƙasa-ƙasa don kada mutane su ji. Ya ce, "Maman yara, da me zan ciyar da ku a nan? Kayan mutane kuma amana ne." Da asuba ya ari keken hawa, ya tsaya a kaina yana jiran in ce wani abu. Abin da na ce shi ne, "Je ka. Ai keken ɗinkin ya fi mu." Na juya masa baya na gyara goyo. Ban ce Allah ya kiyaye hanya ba. Na ji ƙarar sarƙar keken tana yin nisa.

Maganar da na yi masa ta ƙarshe ke nan. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, ni na ga haka da idona.

Bai dawo ran nan ba, bai dawo washegari ba. Sai labarai suka fara zuwa, kowanne da nasa. Wani ya ce ya gan shi a hanyar Limani, garin da ke kusa da Amcide. Wani ya ce an tafi da telolin da aka kama, wai ana son masu ɗinki a daji. Wata mata ta rantse ta ga mai kama da shi a sansanin Minawawo, can wajen Mokolo, inda aka tara 'yan gudun hijirar Najeriya. Na sayar da 'yan kunnena na je, na yi kwana biyu ina bin tanti-tanti ina leƙa fuskokin maza har na ji kunyar kaina. Daga baya na kai hoton aurenmu ofishin Red Cross a Marwa, suka rubuta sunansa da kamanninsa da tabon da ke gefen girarsa, suka karɓe ni da mutunci. Har yau takardar na cikin Littafina.

Rashin sani ya fi dare duhu. Wadda mijinta ya mutu ta san matsayinta: an yi jana'iza, an yi zaman makoki, mutane sun zo sun ce sannu, sun tafi. Ni ba matar aure ba, ba gwauruwa ba. Kirsimetin farko, Zumuntar Mata na raba wa gwauraye masara, mai riƙe da takarda ta ɗago kai ta ce, "'Yar'uwa, ke a wane layi za mu sa ki?" Ba da mugunta ta faɗa ba, da gaske ba ta sani ba. Ni ma ban sani ba. Surukata kuwa ta kafa doka: "Ɗana bai mutu ba. Kada wanda ya shigo mini da fuskar ta'aziyya." Don haka ko kuka sai na zagaya bayan gida nake yi.

Farkon 2015 muka koma Marwa, muka sami ɗaki ɗaya a unguwar Barmare, a gidan wata Hajiya, Bahaushiya, wadda ta yi shekara da shekaru tana sayar da waina a ƙofar gida. Marwa garin Fulatanci ne, a kasuwa ni kurma ce. Jin Hausa a bakin Hajiya ya zame mini kamar inuwar darbejiya a watan Afrilu. Ta san mu Kirista ne tun ranar farko. Abin da ta tambaya kawai shi ne ko yaran sun ci abinci.

Istar 2015, wato bikin tashin Yesu daga matattu, ta faɗo ranar 5 ga Afrilu, tsakiyar zafin da ke sa kwalta ta yi laushi. A ikkilisiyarmu mata kan fita tun da duhu suna waƙa, suna tuna matan da suka yi sammako zuwa kabarin Yesu. Mai ja ta ce, "Almasihu ya tashi!" sauran su amsa, "Hakika ya tashi!" Na bi su, amma bakina ya ƙi buɗewa. In faɗi gaskiya, kishin matan nan na cikin Littafi nake yi. Sun ga inda aka sa shi. Sun sayi kayan ƙanshi, sun san hanyar da za su bi, damuwarsu ɗaya ce, wa zai gangarar musu da dutsen. Ni ko dutsen ban samu ba. Da za a nuna mini tudun ƙasa a ce ga shi nan, da na gode.

A sujada Baba Fasto ya yi wa'azi daga 1 Korantiyawa 15, inda Bulus ya kwatanta jikin da aka binne da irin da aka shuka. Ya kawo misalin masakwa, dawar rani da Fulani ke kira muskuwari, wadda duk mutumin ƙasar nan ya sani. Bayan ruwa ya ɗauke ake dasa ta a baƙar ƙasar karal. A cire dashen, a datse ganyensa, a huda rami da turke, a zuba ɗan ruwa, a tura shi ciki a tafi. Kwana kaɗan sai ka ga ya kwanta ya bushe kamar an yi asara. Ba digon ruwan sama ko ɗaya, amma wajen Fabrairu ga zangarniya. Misali ne mai kyau, mutane na ta gyaɗa kai. Ni kuwa na tashi na fita. Mama Fasto ta biyo ni gindin bishiya, na ce mata, "Mama, wanda ya shuka shi ke jiran girbi. Ni me na shuka? A wace gona?" Ba ta ba ni amsa ba. Ta zauna a ƙasa da sabon zanenta har aka tashi daga sujada. Yau na san amsar da ta fi dacewa ke nan a ranar.

Ranar Laraba 22 ga Yuli 2015, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Sallah, bam ya tashi a babbar kasuwar Marwa, wani kuma a cikin Barmare. Ɗana na kasuwa yana dako. Na fita ba takalmi, ba ɗankwali, ina kiran sunansa cikin hayaƙi da mutane masu gudu. Da yamma na same shi a ɓoye cikin wata rumfa, ko ƙwarzane babu. Ranar Asabar wani ya sake tashi a unguwar Pont Vert. Sai wani abu ya tsinke a cikina. Abin da muka gudo wa ya biyo mu har ƙofar ɗaki. Na kwanta na juya fuska ga bango, na yi kusan mako uku a haka. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai. Tashin ne kawai ban ga amfaninsa ba. 'Yata mai shekara takwas ita ke goyon ƙanwarta, ita ke wanke kwano.

Wata asuba Hajiya ta turo ƙofa ba sallama, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Ke 'yar nan, ƙullu ya tashi, ke ba ki tashi ba? Gwiwata ta hana ni tsuguno. Ko ki zo ki zauna gaban tanda, ko in zubar da shinkafa kwano uku, alhakin a wuyanki." Na san gwiwar ba ta kai yadda take faɗa ba. Amma kunya ta ɗaga ni inda wa'azi ya kasa.

Waina ba a yi mata gaggawa. Tun la'asar ake jiƙa shinkafar tuwo, a dafa kaɗan a haɗa, a kai inji, a sa yis, a rufe a bar shi ya kwana. Da dare in ka buɗe ba ka ga komai, farin ruwa ne a kwance. Ƙarfe huɗu na asuba ka ɗaga murfi, ya kumbura yana 'yan ƙwayaye, da ɗan tsamin nan mai daɗi. Sai hura gawayi, aikin da ya fi ba ni wuya da farko: ka tsuguna, ka yi ta fifita, hayaƙi na shiga ido, har baƙin ya koma ja. A ɗora tanda, a ɗiga mai a kowane gurbi, a zuba ƙullu da ludayi, a jira gefe ya yi ja kafin a juya da cokali. Hajiya na kan kujera tana gyara mini: "Kin cika wuta. Rage. Wainar gaggawa ɗanya ce a ciki." Ɗaya dala biyar muke sayarwa. Ranar farko ta ƙirga mini dala ɗari ta ce ladana ne. Na sayi sabulu da sukari.

Haka na shiga 2016, ina tashi don tanda na jirana, ba don zuciyata ta warke ba. A majami'a in an zo faɗar bangaskiya, wurin da ake cewa mun gaskata da tashin jiki, sai in yi shiru in bar sauran su wuce.

Mu 'yan gudun hijira masu jin Hausa mukan taru da yamma ranar Lahadi, bayan an gama sujadar Fulatanci da ta Faransanci. Mai bi da mu wani tsohon mai bishara ne daga wajen Gwoza, wanda shi ma ya bar 'ya'ya biyu a baya. Lahadi biyu bayan Istar 2016 ya buɗe Yohanna 21 ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa. Almajirai sun kwana suna su ba su kama komai ba. Gari na wayewa ga wani a bakin gaɓa, ashe Yesu ne bayan tashinsa. Da suka fito, suka tarar da wutar gawayi, da kifi a kai, da gurasa, ya ce su zo su karya kumallo.

Na sha jin wurin nan tun ina yarinya, amma ban taɓa jin sa da hannun mai hura wuta ba. Wutar gawayi ba ta kama kanta. Wani ne ya tattaro gawayin, ya tsuguna, ya fifita, hayaƙi ya shiga idonsa. Wani ne ya gyara kifin ya zauna yana juya shi don kada ya ƙone. Kuma hannuwan da suka yi aikin nan su ne waɗanda aka nuna wa almajirinsa Toma, da gurbin ƙusa a jiki. Mutum ya fito daga kabari, ya ci nasara a kan mutuwa, in ni ce ai fadar Bilatus, gwamnan da ya yanke hukuncin, zan fara zuwa a gan ni. Shi kuwa ya yi sammako ya dafa wa gajiyayyu abin kari. Na dubi yatsuna da tabon mai a kansu, jikina ya yi sanyi.

Sai tsohon ya ce mu lura, sau biyu Yohanna ya ambaci wutar gawayi. Ta farko a farfajiyar babban firist, inda almajirinsa Bitrus ke jin ɗumi ya ce bai san mutumin ba, har sau uku. Abin da Bitrus ya faɗa game da Ubangijinsa ke nan kafin a gicciye shi. Ta biyu ita ce wannan ta bakin teku. Kuma Yesu bai tayar da zancen ba sai da Bitrus ya ci ya ƙoshi, sannan ya tambaye shi ko yana ƙaunarsa, shi ma sau uku.

Da aka watse na tsaya. Na ce, "Baba, ina da magana." Na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko surukata, ko Hajiya: abin da na ce da asubar nan a Mora, da bayan da na juya. Shekara ɗaya da rabi ina ɗauke da shi kamar dutsen niƙa. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "'Yata, da Yesu bai tashi ba, da Bitrus ya mutu da maganar nan a bakinsa. Ke kina ganin hirarku da mijinki ta ƙare ke nan? An katse ta ne." Na ce, "Baba, ko kabari ba shi da shi." Ya juya shafi zuwa Ru'ya ta Yohanna 20, ya nuna mini inda aka ce teku ta ba da matattun da ke cikinta. Ya ce, "In teku za ta mayar da nata, dajin Limani ne zai riƙe? Ke ce ba ki san inda yake ba. Mai tayarwa ya sani."

Na yi kuka ran nan a gaban mutane, ban zagaya bayan gida ba.

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan komai ya daidaita. Akwai watannin da na koma gidan jiya. Ɗana ya yi shekaru yana fushi da Allah da ni da kowa, ya taɓa haɗa kaya zai koma Amcide ya shiga 'yan sintiri, sai da na kwana a bakin ƙofa. Amma wasu abubuwa sun sauya, ƙanana ne, masu taɓuwa da hannu. Na fara shan maganin hawan jinina, wanda da nake barinsa a ƙarƙashin tabarma, don na gane jikin nan ba tsumma ba ne da za a yar, tun da Allah na da niyyar tayar da shi. Ba wanda ke fita daga ɗakina, ko fushi muke yi, ban ce masa Allah ya kiyaye hanya ba. Yarana har dariya suke yi, wai ko shago za su je sai na yi musu rakiyar Garwa. Sannan mu mata bakwai a Zumunta muka fara tara dala ashirin-ashirin duk mako, don in ɗan gudun hijira ya mutu ba dangi, a sami likkafani, a kafa alama a kabarinsa da suna. Wata rana wata za ta zo nema, gara ta sami wurin da za ta tsaya.

Wata asuba ina waƙa a gaban tanda, Hajiya ta ji kalmar bege ta ce, "Har yanzu begensa kike yi?" Sai na lura ba abu ɗaya muke nufi ba. A bakinta bege shi ne kewar wanda ba ya nan, irin mai cin zuciya. A majami'a in mun ce bege, sa zuciya muke nufi ga abin da aka yi mana alkawari. Na yi mata bayani, ta yi shiru tana jan carbi, ta ce, "To ai ke duka biyun gare ki." Ita ma ta yi imani da tashin kiyama. A kan gicciye da kabarin da aka tarar wayam ne hanyarmu ta rabu, mun san haka, ba mu taɓa ɓoye wa juna ba, ba mu kuma taɓa bari waina ta ƙone a kansa ba. Da ta rasu, 'ya'yanta suka ce ta bar wasiyya a ba ni tandar. Ni na yi wainar sadakar uku, da hawaye da komai.

Surukata ta riƙe dokarta shekara bakwai. Tana ciwon ajali ta kira ni ta ce, "Ɗiyata, ku yi masa addu'ar. In yana raye ba za ta kashe shi ba. In ya riga ni, zan gaya masa kun yi." Muka yi a 2021, ba akwati, ba rami. A kan teburi muka ajiye tef ɗinsa na awo, wanda ya manta a aljihun rigar da ya bari a Mora. Da aka zo wurin tashin jiki na buɗe baki na faɗa da ƙarfi har ta kusa da ni ta waigo. Tef ɗin yanzu yana wuyan ɗana. Ya koyi ɗinki a unguwar Domayo, kuma in ya sunkuya kan keke ta baya sai in kau da kai, don kamarsa da babansa ta yi yawa.

Har yau ban sani ba ko mijina na raye. In motar Mora ta tsaya tana sauke mutane, idona na bin fuskoki kafin in tuna in hana shi. Na riga na shirya abin da zan fara ce masa, ko a ƙofar gidan nan ko a wancan bakin gaɓar, kuma ba dogon zance ba ne: sannu da hanya, zauna ka ci.

Gobe Litinin, ranar babbar kasuwar Marwa. Shinkafa kwano biyar na jiƙa, gawayi kuma ya yi tsada, sai na aika ƙaramar ta tambayo na maƙwabta kafin su rufe ƙofa.